Tagwaye Goma Sha Huɗu

Ƙarfe huɗu bai cika ba duhu ya rufe Tartu,
kogi ya daskare har gindin gada.
Ni kaɗai na rage a bene na biyu,
ni da bututun ɗumama ɗaki mai tari kamar tsoho,
da kofin gahawa da ya huce tun tsakar rana.

Mako uku ina gyaran fayil guda.
In ƙara layi, in rage layi, in ce wa na'ura ta gina,
ta gina, ta ce komai lafiya lau,
amma sabar tana nan jiya i yau,
tana buɗe ƙofar da na ce ta rufe.
Ashe ruwa nake ɗiba da rariya.
Fayil ɗin yana da ɗan'uwa.

Suna ɗaya, fuska ɗaya.
Guda a jakar da muke shiga kullum,
guda can ƙarƙashi, a jakar da aka raɗa wa "tsohuwa",
wadda shekara tara ba wanda ya leƙa.
Shi na'ura take jin maganarsa.
Nawa hoto ne a bango, ina ta yi masa kwalliya.

Da na soma tono sai ga zuriya.
Jerin kayan gini sau biyu,
umarnin girkawa sau biyu,
har takardar izini tana da 'yar rakiya.
Goma sha huɗu na ƙirga.
Ba mugunta ta haife su ba, tsoro ne:
kowa zai taɓa abu sai ya kwafa ya ajiye,
ya ce gobe zai share.
Goben kuwa ta canja aiki, ta bar gari.

Na jera su a allo, hagu da dama,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Goma sha uku ba bambanci ko na ɗigo.
Na share, hannuna bai yi rawa ba.

Na ƙarshen ne ya tsayar da ni.
Kama da wane ba ta wane.
Tsohon ya fi sabon da layi biyu,
ba umarni ba, na'ura ba ta ma kallon su,
mutum aka rubuta wa:
"Na ƙara daƙiƙa talatin na jira a nan,
layin ɗakin karatun tsibirinmu ba ya sauri.
Don Allah kada a rage. Aivar."

Ban taɓa ganin Aivar Lepik ba.
Kujerarsa na gada, mai karkata hagu.
Na samo lambarsa a jikin tsohuwar kalanda.

Ya ɗauka, iska tana kaɗawa a bayansa,
ya ce yana duba amyar zuma ko sanyi ya shiga.
Na karanta masa. Ya yi shiru,
sannan ya yi dariya gajera.
"Sun sami layi mai sauri tuntuni, Triinu.
Salme ce ke zaune a teburin nan lokacin,
takan saƙa rabin safa kafin shafi ya buɗe.
Bara muka binne ta.
Share abinki."

Na rage daƙiƙun, tunda ba mai jira.
Layin biyu kuwa na ɗauke su
kamar mai ɗauke tukunyar fure daga gidan da za a rushe,
na dasa a fayil ɗin da zai rayu,
na rubuta kwanan wata a ƙasa.

Sannan na share.
Na ce ta gina. Ta gina.
Ƙofar da na ce ta rufe, ta rufu.

A waje na tarar da sawuna na safe
ya nufi ofis, na yanzu ya nufi gida,
takalmi ɗaya, mutum ɗaya.
Dusar ƙanƙara tana sauka a kansu duka biyun,
tana sharewa,
ba ta tsaya ta kwatanta ba.